Guzurin Hajjinka da Fadamar Baffanka Mato

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da mutanen gidansa.

Daga mahaifinka Tanko na Tudun Kaya, zuwa ga ɗana Magaji, a masaukin maniyyata cikin Karaye. Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan tafiyarka da dabbobinku. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya, na mutum da na daji, Ya sa rijiyoyin da za ku tarar su kasance da ruwa.

Bakin nawa ne, hannun kuwa na Liman Garba ne, don ka san ni ko alifi ban iya ja ba. Muna zaune da hantsi a gindin durumin ƙofar masallaci. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana. Ya ce shekara sittin yana neman gyara ni bai samu ba, ba yau zai fara da takarda ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kwana huɗu ne kacal da rabuwarmu. Ranar da na raka ka har tsamiyar bakin gari akwai magana a bakina, amma da muka tsaya sai na ce maka ka kula da majanyin jaki. Ba ita ce maganar ba. Ga ta yanzu: jakin nan da kake ja, da taiki biyu na geron da ke bayansa, akwai haƙƙin wani a cikinsu. Kada ka bi ayari gabas sai ka karanta takardar nan har ƙarshenta.

Sai na faro maka daga nesa, don kuskurena bai fara a gona ba. Ina ɗan shekara bakwai kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa har ba na iya kiranka da shi, ya kai ni makarantar allo tare da wannan Garban. Kwana tara na yi. Malami ya tsula mini dorina a kan abin da ban yi ba, na ajiye allon na ce ba na komawa. Aka yi duka, aka yi lallashi, na ƙi. Na koma bin kakanka gona, shi ne ya koya mini iyakokin ƙasar nan, daga Tudun Kaya har Turawa, wace kuka ce ta raba gidan wane da gidan wane, wane dutse aka binne a shekarar wane dagaci. Abin da na riƙe ke nan, kuma da shi aka san ni. Salla kuwa da baki na koye ta. Kalmomin addini na Larabci duk suna bakina tun ina yaro, ina faɗarsu a inda ake faɗarsu, amma in ka tsayar da ni ka ce mene ne ma'anar wannan, sai in yi maka faɗa in ce kai ne za ka koya mini musulunci? Kowace kalma daga cikinsu sai da na taka ta na ji ciwo sannan na san abin da take nufi. Kai ka yi karatu, ka fi ni. Duk da haka a hanyar nan za ka haɗu da malamai na Barno da na Wadai da na Sudan. In ka ji kalmar da ba ka sani ba, ka durƙusa ka tambaya, ko da mai amsar ɗan cikinka ne.

Ta farko ita ce amana. Kakanka kafin ya rasu ya raba mana gona, ni da ƙanena Mato. Ni ya ba ni tudu, ya ba Mato fadamar bakin rafi. Tsakaninmu akwai ɗinya guda da layin gamba da ya dasa da hannunsa. Shekarar da Nasara suka ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya aikin hanyar jirgin ƙasa, ni ne babba, ni ya kamata in tafi. Mato ya ce ni ina da mata da jinjiri, wato kai, shi kuwa ba shi da kowa, bari ya je. Da asubar tafiyarsa ya tsaya a gindin ɗinyar nan ya ce, "Yaya, ga fadamata nan, amana." Na ce na karɓa, kamar yadda ake cewa an karɓi gaisuwa. A lokacin ina tsammanin amana tana nufin ka duba wa mutum kayansa in ka samu sarari. Daga baya Liman ya gaya mini amana ita ce abin da aka ajiye a hannunka don an amince da kai, ba naka ba ne ko da ya shekara ɗari a wurinka, kuma za a tambaye ka shi yadda aka ba ka shi. A hanya za a yi ta ba ka ajiya. Wani zai kwanta ciwo ya miƙa maka kayansa, wani zai mutu ya bar maka saƙo ga iyalinsa. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba tun a wurin. Kunyar wannan ƙarama ce.

Shekara biyu da tafiyar Mato sai ga malaman taki. Kai ba ka yi wayo ba a lokacin. Mutane ne da hukuma ke turowa su auna gonaki da taku, ɗaya yana takawa yana ƙirga, ɗaya yana rubuta sunan mai gona. Ba su san ƙasar ba, sai dagaci ya ce in shige gaba ina nuna musu iyaka. Na kewaya da su gonakin gari kwana shida ban kuskure ko da taku ɗaya ba. Rana ta bakwai muka zo tamu. Da muka iso ɗinyar nan ya kamata in tsaya in ce nan tawa ta ƙare. Ban tsaya ba. Na wuce har bakin rafi, mai taku yana bina, mai alƙalami ya rubuta Tanko.

Abin da na gaya wa kaina a ranar shi ne, in na ce ta Mato ce alhali ba ya nan, za a ce ba ta da mai ita a ba wani. Ban ce wannan ƙarya ce zalla ba. Amma na riga na ɗanɗani fadamar. Rake, albasa, dankali, duk da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Da damina ta zagayo na tumɓuke gamban kakanka na mayar da shi bakin rafi, ban gaya wa kowa ba. A nan na koyi kalma ta biyu, niyya. Ni a sanina niyya ita ce ɗan abin da ake faɗa da baki kafin kabbara. Liman ya ce a'a, niyya ita ce inda zuciya ta dosa, ko baki ya faɗa ko bai faɗa ba, kuma da ita ake auna aiki. Bakina yana cewa ina riƙe wa ƙanena, zuciyata ta riga ta shige fadamar ta zauna. Magaji, tafiyarka ta shekaru ce. Niyyar da ka fita da ita daga gida ba lallai ita za ka tarar a cikinka ba bayan wata goma. Ka riƙa buɗe ta kana dubawa kamar yadda ake duba rumbu saboda gara. Ɗakin Allah ka nufa, ko rawani da a ce maka Alhaji a kasuwar Karaye? Ni ban san amsar ba, kai ka sani.

Mato bai dawo ba sai bayan shekara huɗu, don da aikin ya ƙare ya tsaya neman abin hannu a wajen Zariya. Ya dawo a rame, da tari. Ya kwana biyu, ya ce mu je ya ga fadamarsa. Da muka isa ya dubi ɗinya, ya dubi inda gamba yake yanzu. Sannan ya tambaye ni ko ruwa ne ya kwashe gamban Baba. Da na ce masa i, ruwa ne, na yi kuskure, da maganar ta mutu a nan, don hanya ya buɗe mini. Sai na ce masa a nan gamban yake tun fil azal, zaman bariki ne ya ɓata masa tunani.

Magana ta kai gaban alƙali a Karaye. Alƙali ya ce Mato ya kawo bayyina, wato hujja bayyananniya ko shaidu. Dattawan da suka ga rabon duk sun rasu a shekarar yunwa. Mutumin da garin nan yake kira in an rasa iyaka shi ne ni, kuma ni ake ƙara. Da aka rasa shaida sai rantsuwa ta faɗo kaina. Aka kawo buta na yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani a gafakarsa. Ina matsowa sai Mato ya miƙe.

"Allah gafarta malam, na janye. Kada ya taɓa. Na bar masa."

Ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa ƙasa. "Yaya, don Allah kada ka taɓa."

Alƙali ya ce tun da mai ƙara ya janye, babu sauran rantsuwa. An gama, Magaji. Fadama ta zama tawa, ba wanda ya tilasta ni. Amma zauren cike yake da mutanen Tudun Kaya, na ga idanunsu a kaina, na ji kamar in na fita ban rantse ba za a ce sadakar ƙanena na ci. Na ce ba na son alfarma. Na ɗora hannu na rantse cewa daga tudu har rafi gadona ne.

A hanyar dawowa ni da Liman ne kaɗai, a lokacin bai zama liman ba, Garba ne kawai. Da muka zo mararraba ya ce, "Tanko, ka san sunan abin da ka yi yau?" Na ce masa gaskiyata na karɓa. Ya ce malamai suna kiranta yaminul gamusi. Yamin rantsuwa ke nan, gamusi kuwa abin da ke dulmiya mutum, kamar yadda ake tsoma zane a marina har ya nutse. Ya ce rantsuwar da mutum ya yi zai yi abu gobe ya kasa, wannan tana da kaffara, wato abin da ake bayarwa ko azumin da ake yi a rufe laifin. Amma wadda mutum ya yi da gangan a kan ƙarya don ya ci dukiyar wani, ta fi ƙarfin kaffara. Na ce masa ya je ya wanke allonsa, bai san iyakar gonar ubansa ba ma sai na nuna masa. Yanzu yana rubuta wannan yana murmushi, ya ce har yau bai sani ba.

Gargaɗina a nan gajere ne. Kada ka rantse. Ko kana da gaskiya, in akwai wata hanya, bi ta. Kuma ka ji tsoron idon jama'a, don shi ya tura hannuna, ba yunwa ba.

Mato bai ƙara kwana a gida ba. Ya koma Rogo ya koyi dukanci, yana ɗinka takalma da gafaka a bakin kasuwa. Ya yi aure a can, ya haifi 'ya'yan da ba ka san su ba. An gaya maka sāɓani ne na 'yan'uwa. To ga sāɓanin.

Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a gaban alƙali ba. Sai dai na lura in na kawo albasa ko dankalin fadama, takan dafa ta zuba mini, ita ba ta ci, kai ma ba ta ba ka. Tana da 'yar gayaunarta a bayan gida, daga nan take ci da kai. Na yi wata uku ina kallo. Rannan na tsare ta na ce ko abincin gidana haramun ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ni ban ce haramun ba ne, ban je Karaye ba. Zuciyata ce ba ta kwanta ba." Na yi mata faɗan da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa zai ciyar da ita in ba ni ba. Duk da haka ba ta ci ba, har shekara goma sha ɗaya da ta yi bayan haka.

Ita ma ba ta yi karatu ba, amma ta san abin da ni ban sani ba. Halal shi ne abin da Allah Ya sake maka, ka ci ba tsoro. Haram shi ne abin da Ya katange. Ni ina tsammanin haram alade ne da giya da mushe, tun da ba na kusantar su na tsira. Ashe albasa ma tana zama haram in ƙasar da ta fito ba taka ba ce. Tsakanin biyun kuma akwai shubuha, abin da ya rikice maka ba ka san gefen da yake ba. Liman ya ce wanda ya bar shubuha don tsoron Allah shi ake ce wa mai wara'i, mai tsantseni. Ya ce ya karanta kalmar a littafi shekara da shekaru, amma a tsakar gidana ya ga mai ita. Za ka ji yunwa a hanya, irin wadda ba ka taɓa ji ba. Za ku ratsa gonakin mutane ba mai su a kusa, abokan tafiya za su ce ai matafiyi ne, ba laifi. Ka tuna da wane abinci aka raine ka.

Bayan rasuwarta sai na zama mai kyauta. Duk kaka ni ne farkon fitar da zakka, kuma a ƙofar gida nake aunawa inda masu wucewa za su gani. Azarar rufin masallacin nan ni na kawo. Aka fara cewa Tanko ya yi laushi. Ina jin daɗin hakan. Wata rana na tambayi Liman, cikin raha, ko ladana ya kai nasa yanzu. Ya ce zakka tsarkakewa ce, tana wanke dukiyar mutum kamar yadda ruwa ke wanke riga, amma rigar da ka ɗauko a shanyar wani ko ka wanke ta sau nawa ba ta zama taka. Ya ce aunawa a ƙofar gida kuwa sunanta riya, yin aikin Allah don mutane su gani, kuma mai yin ta ya riga ya karɓi ladansa a bakin waɗanda suka yabe shi. Kishiyarta ikhlasi, a yi don Allah Shi kaɗai. Wata biyu ban gaishe shi ba. Ina bin shi salla, in an sallame in fice ta ƙofar gefe. Kai kuma in Allah Ya dawo da kai, za a taru a sha labarin Makka a bakinka. Ka faɗi abin da zai amfani mai niyyar zuwa. Kukan da ka yi a can da addu'ar da ka yi, ka bar su tsakaninka da Wanda ka yi wa.

Da tsufa ya fara kama ni sai na sayi tasbaha. Astagfirullah, astagfirullah, a hanyar gona, a bakin rijiya, har yatsana ya yi kanta. Wannan shi ne istigfari, roƙon Allah Ya rufe laifi Ya yafe. Ina yi ina shiga fadamar ina kafta. In zuciyata ta motsa sai in ce Allah Mai gafara ne, na dogara gare Shi, ina kiran wannan tawakkali. Ba shi ba ne. Tawakkali shi ne ka yi duk abin da ke wuyanka, sannan ka bar wa Allah sakamakon. Wanda ya zauna a kan kayan wani yana jiran rahama, kansa yake ruɗi. Abin da ake nema a wurina tuba ce, ita kuwa tuba komowa ce, kamar wanda ya ɓace hanya ya juyo. Sai ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba. In kuma laifin ya taɓa ɗan'adam, sai ka mayar masa da haƙƙinsa, wato abin da yake nasa ne a kanka, ka nemi ya yafe da bakinsa. Allah Yana yafe nasa ga wanda Ya so, amma na bawa sai bawan ya saki.

Na san wannan tun shekara bakwai da suka wuce. Sau biyu na ɗaura niyya na tafi Rogo. Na farko na hango shi daga nesa, ya sunkuya a kan fata, kansa ya yi fari kamar na Baba, na juya na sayi goro na dawo. Na biyu ma ko cikin kasuwar ban shiga ba. Abin da ke tsayar da ni kullum guda ne: in na faɗa, me zai rage mini a garin nan? Ba ni da karatu, ba ni da sarauta. Maganata a kan iyaka ita ce rigata.

Sai ga ka da niyyar hajji. Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba, na ce ni zan yi maka guzuri. Raken fadama na bana na sayar na saya maka jaki, albasar na musanya da gero. Ban ko tsaya tunani ba, don hannuna ya saba. Ranar tafiyarka Liman ya yi maka addu'a, na ga ya gajarta ta ƙwarai, ba kamar yadda ya yi wa maniyyatan bara ba. Da na dawo daga rakiya na same shi na ce ko ɗana bai kai a tsawaita masa ba.

Ya ce, "Ɗanka ya kai. Kai ka fi ni sanin abin da ke bayan jakin nan."

Ya ce hajji ba ya wajaba sai da istiɗa'a, wato iko, lafiyar jiki da amincin hanya da guzuri, kuma guzurin na halal ake nufi. Ya ce abin da kowane alhaji ke nema shi ne hajji mabruri, karɓaɓɓe wanda saɓo bai gauraya da shi ba. Ya ce kai ba ka da laifin abin da ba ka sani ba. Amma ya tambaye ni ko zan so ka taka ƙasa shekara biyu ko uku, ka isa gaban Ɗakin Allah, da naman jikin da ya tsiro daga fadamar Mato, bayan uwarka ta yi shekara goma sha ɗaya tana kare ka daga ita. Na tashi na tafi gida ban yi masa gardama ba. Wannan ne karo na farko.

Jiya bayan la'asar na miƙe a masallaci kafin a watse. Na faɗa musu duka, tun daga malaman taki har hannun da na ɗora. Can sai wani dattijo daga sahun baya ya tambaya, to iyakar da na nuna tsakaninsa da maƙwabcinsa shekarun baya fa, ita ma a yarda da ita? Na ce masa waccan gaskiya ce. Ya ce da me zai sani. Yana da gaskiya. Na san daga yau ba za a ƙara aiko mini in an rasa iyaka ba. Yau da sassafe, a gaban dagaci da Liman, na tumɓuke gamban bakin rafi na mayar da shi gindin ɗinya. Bayana bai ji daɗin aikin ba, amma ban bar kowa ya taɓa mini fartanya ba.

Saura Mato. Jibi kasuwar Rogo take ci. Zan fita da asuba a ƙafa, in Allah Ya yarda hantsi ya same ni a rumfarsa. Ina so ka zo ka same ni a can da jakin da geron, duka, kada ka rage ko mudu. Na san da na gaya maka wannan na ɗora maka kayan da jiya ba ka ɗauke da su, don yanzu ka sani. Ka yafe mini wannan ma.

In mun haɗu ka gaishe shi gaisuwar uba, don shi ya tafi aikin jirgi a madadina kana jinjiri. Sannan ka koma bayana ka tsaya. Kada ka yi magana a madadina, kada ka roƙa mini, ko da ka ga ya zage ni a gaban 'yan kasuwa ko ya juya mini baya. Ni zan durƙusa, ni zan faɗa. In ya ce ya halatta maka jakin da geron, ka karɓa ka yi godiya, ka roƙi albarkarsa ka kama hanya. In ya riƙe, nasa ne, kada ranka ya ɓaci. Kana da allura da zare, kuma duk garin da ka sauka akwai mai rigar da ta yage. Mutane da yawa da ƙafarsu da sana'arsu suka isa. In kuwa ayarin Karaye ya tashi bai jira ka ba, ka bar shi ya tafi. Haƙuri, wanda Liman ke kira sabru, ba zama a naɗe hannu ba ne, riƙe kai ne a kan abin da yake daidai lokacin da yake da ɗaci. Wani ayarin zai biyo baya.

Ban san abin da Mato zai ce ba. Shekara ashirin da wani abu ba na cewa a wuce su da gaisuwa ɗaya ba. In bai yafe jibi ba zan koma kasuwa ta gaba, da ta gaba, muddin ƙafata tana ɗaukata. Wannan tsakanina da shi ne, kai ba zai tsare ka ba. Abin da nake so kawai ka bar ƙasar nan ba da ƙwayar hatsin kowa a bayanka ba.

Da wuya ka dawo ka same ni, mu duka mun san haka. In an gaya maka na riga ka gidan gaskiya, kada ka juyo. Ka yi mini addu'a a can, ka yi wa mahaifiyarka, ka fara da sunan baffanka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka a tudu da gangare, a kan ruwa da cikin rairayi. Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya raba ka da rantsuwa da kayan mutane. Ya karɓi hajjinka, Ya sa ka fi ubanka. Liman yana gaishe ka, ya ce sauran addu'arka tana wurinsa, zai biyo ni Rogo ya cika maka ita in an gama.

Wassalamu.

Mahaifinka,
Tanko na Tudun Kaya